Zafin bazara da ƙurar hunturu: wace fanka ce ta dace da ƙaramar kwamfuta a Damagaram?

Da zarar watan Afrilu ya kama, ma'aunin zafi a birnin Damagaram yakan haura digiri 40 da rana tsaka, kuma haka za a yi ta fama har ruwan farko ya sauka. A wannan lokaci ne masu shagunan buga takardu da na intanet, daga Zango zuwa Sabon Gari da kewayen kasuwar Dole, ke ganin kwamfutocinsu sun sauya hali. Wadda ta yi aiki lafiya lau da safe sai ta fara nauyi bayan azahar, fankarta na gurnani kamar injin niƙa, wani lokaci ma ta mutu ɗif ana tsakiyar aiki. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya kawo kundinsa a buga masa ya yi asarar shafukan da ba a adana ba, mai shago kuma ya yi asarar ciniki, ga kuɗin mai gyara na jiran sa.

Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan ƙwayar cutar kwamfuta, alhali a mafi yawan lokuta zafi ne ya yi wa na'urar yawa. Kwamfutocin da suka fi yawa a irin waɗannan shaguna ƙanana ne, na hannu, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen Turai kafin a kawo su nan: Dell OptiPlex, HP, Lenovo ThinkCentre da ire-irensu. Takardun da kamfanonin ke haɗawa da irin waɗannan na'urori galibi suna cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ke nan shago mai rufin kwano a Damagaram ya riga ya ƙetare wannan iyaka tun kafin a kunna komai. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, tana da dabarar kare kanta: idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta, idan abin ya ci tura ta kashe na'urar baki ɗaya. Nauyin da ake gani bayan azahar daga nan yake fitowa.

Maganin da ya fi araha shi ne a ƙara yawan iskar da ke ratsa akwatin. Sai dai fankokin kwamfuta girma-girma ne, kuma a ƙaramin akwati zaɓen girman da bai dace ba na iya zama asarar kuɗi kawai.

Iska nawa ake buƙata?

Fanka ba ta sanyaya iska. Aikinta shi ne ta kori iskar da ta ɗumama a cikin akwati, ta jawo ta ɗaki ta maye gurbinta. Duk wutar da kwamfuta ke ci, a ƙarshe zafi take komawa, don haka na'urar da ke cin watt 100 tamkar ƙaramin murhu ne mai watt 100 a rufe cikin akwatin ƙarfe.

Akwai lissafi mai sauƙi da masu fasaha ke amfani da shi. A ninka yawan watt sau uku, a raba da yawan digirin da aka yarda iskar ta ƙaru da shi tsakanin shigarta da fitarta. Abin da ya fito shi ne mita kubik na iskar da ake buƙata a kowace awa. Idan na'ura na cin watt 100, aka kuma yarda iskar ta ƙara digiri 10, ana buƙatar mita kubik 30 a awa. A ofishin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, inda zafi bai wuce digiri 25 ba, wannan ya wadatar, domin iskar za ta fita a digiri 35. A shagon da ke digiri 40 kuwa, za ta fita a 50, wanda ya yi kusa da iyakar da faifan ajiya mai juyawa ke iya jurewa, wato wajen digiri 55 zuwa 60. In ana son ƙarin ya tsaya a digiri 5 kawai, sai an ninka iskar ta kai mita kubik 60.

Wannan ne bambancin Damagaram da ƙasashen da aka ƙera na'urorin dominsu. Kwamfuta iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma a nan tana buƙatar kusan ninkin iskar da take buƙata a can. Ƙari a kan haka, iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka kowane mita kubik nata yana kwasar zafi ƙasa da yadda lissafin ya nuna. Mai harhaɗa bidiyon biki ko mai wasannin kwamfuta, wanda ya ƙara katin hoto har na'urarsa ke cin watt 300, shi kam yana buƙatar mita kubik 90 ko da ya yarda da ƙarin digiri 10.

Girman fanka da abin da yake nufi

Ana auna fankar kwamfuta ne da faɗin firam ɗinta mai kusurwa huɗu, da milimita. Waɗanda aka fi samu su ne 40, 60, 80, 92, 120 da 140. A ido, tazarar da ke tsakanin 80 da 120 ba ta da yawa, santimita huɗu ne kacal. Amma iska ta fili take bi, kuma filin fanka mai 80 santimita murabba'i 64 ne, na mai 92 kusan 85, na mai 120 kuwa 144. Wato mai 120 ta ninka mai 80 fiye da sau biyu. Mai 140 tana da 196, ta ɗara mai 120 da kusan kashi 36 cikin ɗari.

Alƙaluman da kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ya wallafa game da fankokinsa sun nuna abin a fili, kuma da yake duk ƙirar kamfani ɗaya ne, kwatanta su ya fi adalci. Mai 40 tana juyawa sau 4500 a minti amma mita kubik 8 kawai take turawa a awa. Mai 80 tana tura kimanin 55 a juyi 2200, mai 92 kimanin 79 a juyi 2000, mai 120 kimanin 102 a juyi 2000, mai 140 kuwa 140 a juyi 1500 kacal. Waɗannan fankoki ne masu tsada da ba a cika ganin su a kasuwanninmu ba. Abin da ake son a lura da shi dai shi ne yadda iska ke ƙaruwa da girma yayin da gudun juyi ke raguwa.

Ƙaramar fanka na iya kamo babba idan aka ƙara mata gudu, amma da tsada. Idan aka ninka gudun fanka, iskarta za ta ninku sau biyu, wutar da take ci za ta ninku kusan sau takwas, ƙararta kuma ta tashi da kusan desibel 15, abin da kunne ke ji ya fi ninki biyu. Sannan gindin da take juyawa a kai zai fi saurin cinyewa. Shi ya sa fankokin manyan na'urorin ajiye bayanai, ƙanana masu gudun tsiya, ba su dace da shagon da mutum zai yini a ciki ba, ko da an same su da araha a cikin kayan gwanjo.

Sai a tuna cewa duk alƙaluman da ake rubutawa a jikin kwali an auna su ne fanka na sarari, babu abin da ya tare ta. Da an ɗaure ta a bayan ragar ƙarfe, aka sa mata matatar ƙura, ga wayoyi da faifai a gabanta, iskar da za ta wuce na iya raguwa har kusan rabi. Idan aka koma ga misalin shagon da ke buƙatar mita kubik 60, mai 80 guda ɗaya ba za ta kai ba, mai 92 ma za ta gaza, mai 120 ce ke matsowa kusa, musamman da taimakon fankar da ke cikin akwatin wuta na na'urar.

To me zai hana kowa ya sa mai 120 ko 140? Akwatin ne ke yanke hukunci. Kwamfutar da aka gina a kan ƙaramin allon nan na Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya fito da shi a 2001, sau da yawa akwatinta na da gurbin 120 ko 92. Siraran akwatunan ofis kuwa, kaurinsu bai kai santimita 10 ba a yawancin lokuta, don haka mai 120 ba ta da wurin tsayawa a gaba ko a baya. Kafin a je kasuwa, abin da ya kamata a auna shi ne tazarar da ke tsakanin ramukan ƙusa biyu na gefe ɗaya a jikin akwatin. Idan milimita 71,5 ne, gurbin mai 80 ke nan. Idan 82,5 ne, na mai 92. Idan 105, na mai 120, idan kuma 124,5, na mai 140. Wasu akwatunan suna da ramuka iri biyu a wuri ɗaya, 80 da 92, ko 120 da 140, amma an ɗaura ƙaramar tun daga masana'anta don rage kuɗi. A irin wannan hali sauya ta da babbar shi ne gyara mafi sauƙi kuma mafi riba.

Tambayar da ke yawan tasowa ita ce, biyu masu 80 ko ɗaya mai 120? In akwai gurbi, ɗaya mai 120 ta fi: filinta ya ɗara na biyun a haɗe, ƙararta ba ta kai tasu ba, kuma gindi ɗaya ne zai lalace maimakon biyu. Amma a siririn akwati, biyu masu 80 a jere sun fi babbar da aka matsa da ƙarfi rabinta na fuskantar ƙarfe. Fankar da ta fi ramin da ke gabanta faɗi, gefunan fukafukanta ne ke toshewa, kuma a gefunan ne take yin mafi yawan aikinta.

Inda ƙura ke sauya lissafi

Da zafi ne kaɗai matsalar, da an ce a buɗe ko'ina iska ta shiga. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana da laushi kamar gari. Tana shiga tsakanin siraran ƙarafan da ke shan zafin furosesa, ta haɗu da zaren tufafi da gashi, ta zama kamar bargo. Na'urar ba ta nuna alama a lokacin, tunda gari da sanyi. Sai bazara ta zo ta tarar da ita a lulluɓe.

Saboda haka fankar da ke jawo iska tana buƙatar matata a gabanta, kuma a nan ne wani adadi na biyu da ke jikin kwali ya zama mai muhimmanci: ƙarfin turawa, wanda ake rubutawa da milimita na ruwa, mm H2O. Yawan iska na nuna abin da fanka ke yi a sarari, ƙarfin turawa kuma na nuna yadda take daurewa idan aka tare mata hanya. A ƙaramin akwati mai cunkoso, da matata a baki, adadi na biyun ya fi na farkon ma'ana. Fankokin da aka ƙera don turawa ana gane su da ido: fukafukansu faffaɗa ne, sun lanƙwasa, sun kusa rufe juna, kuma tazarar bakinsu da firam ƙanƙanuwa ce. Wadda ake hango haske sosai ta tsakanin fukafukanta, ta sarari ce.

Kauri ma na da nasa. Fankar da aka saba da ita kaurinta milimita 25 ne, amma ana yin sirara masu 15 domin wuraren da suka matse. A alƙaluman Noctua, siririyar mai 120 tana tura mita kubik 94, mai kaurin kuma 102, bambancin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarfin turawa kuwa, siririyar 1,53 take da shi, mai kaurin 2,34. Bayan matatar da ta fara cika da ƙura, wannan tazara ce ke raba na'urar da ke numfashi da wadda ta shaƙe. Mai 92 mai cikakken kauri, wadda ƙarfinta ya kai 2,28, na iya yin abin da siririyar mai 120 ba za ta yi ba a irin wannan wuri. Haka ita ma mai 140: da yake a hankali take juyawa, ƙarfin turawarta bai kai na mai 120 ba, don haka fifikonta na raguwa idan hanya ta matse.

Game da matatar kanta, gutsuren gidan sauro na tare zare da ƙwari amma ƙurar hunturu na wucewa ta cikinsa. Ƙyalle mai laushi na tare ƙura sosai, sai dai yana shaƙe fanka. Raga mai ƙananan idanu da ake iya cirewa a wanke ita ce tsaka-tsaki, kuma komai kyanta, idan ba a kakkaɓe ta duk mako a lokacin hazo ba, ita ce za ta zama matsalar.

Akwai kuma dabarar da ta dace da ƙasa mai ƙura: iskar da ake turawa ciki ta ɗan fi wadda ake zuƙewa waje yawa. Idan aka yi haka, ragowar iskar kan fita ta duk wata kafa da ke jikin akwatin, ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta matata. Idan aka juya abin, fankar fitarwa ta fi ƙarfi, sai akwatin ya riƙa zuƙo iska ta ramukan USB da duk wani tsagi, inda babu mai tace ta. Don haka in fanka biyu ce masu girma daban, babbar a ba ta shigarwa, a gaba ko a gefen furosesa, ƙaramar a baya ko a sama. In guda ɗaya ce tak, a yawancin ƙananan akwatuna ta fi amfani a shigarwa, tunda fankar akwatin wuta na yin aikin fitarwa.

Ana yawan ɗaura fanka a juye. A gefen firam akwai ƴan kibiyoyi biyu, ɗaya na nuna inda take juyawa, ɗaya inda iska ke bi. In babu su, iska na fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin da takardar suna. Hayaƙin turaren tsinke da aka kara kusa da akwatin na nuna hanyar iskar cikin daƙiƙa kaɗan, har da wuraren da take tsayawa cik. Sannan fanka na son sarari a gabanta. Idan fukafukanta na dab da murfi marar rami, ko an jingina akwatin da bango, ko an cusa shi cikin durowar tebur, girmanta ba zai amfana komai ba.

Wasu kan cire murfin gefe su kafa wa na'urar fankar tebur. Zafin furosesa kan sauka, wannan gaskiya ne, kuma a ranar da aiki ya matse dabara ce da ke fitar da mutum kunya. Amma siraran akwatunan ofis an tsara su ne kamar bututu, iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan faifai da furosesa, ta fita ta baya. Cire murfi na wargaza wannan hanya, kuma ya buɗe wa ƙura da ƙadangare ƙofa.

Waya da gindi

Fankokin akwati da volt 12 suke aiki. Masu waya uku ana rage musu gudu ta hanyar rage ƙarfin wuta, masu waya huɗu, waɗanda ake rubuta wa PWM, babban allo ne ke sarrafa gudunsu daidai da zafin na'urar, su yi shiru da safe su tashi da rana. Mai waya uku na shiga mazaunin mai huɗu, sai dai a wasu allunan za ta yi ta gudu ba sassautawa. Abin da ke ba masu gyara wahala shi ne kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni, domin wasunsu na da mazauni na musamman. Tsofaffin Dell OptiPlex da dama mai fil biyar gare su, kuma idan aka cire fankar asali na'urar kan tsaya da gargaɗi duk lokacin kunnawa sai an danna F1. A irin waɗannan, ya fi kyau a bar ta asali a wurinta in tana da rai, a ɗauko wa ta ƙarin wuta daga wayar faifai.

Gindin da fanka ke juyawa a kai iri uku ne. Mafi araha ƙarfe ne a cikin hannun riga mai ɗan mai, kuma zafi na busar da man da wuri, musamman idan an kwantar da fankar maimakon a tsayar da ita. Mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe ya fi jure zafi, ko da yake ya fi ƙara. Na uku, mai ruwan mai a rufe, ya haɗa shiru da daɗewa amma ya fi tsada. A yanayin Damagaram, ƙara kuɗi a kan gindi ya fi ƙara shi a kan fitilu masu launi da ke jikin wasu fankokin, waɗanda ba sa rage ko digiri ɗaya.

Su kuwa ƙananan kwamfutocin nan da ba su wuce girman littafi ba, da kwamfutocin cinya, fankarsu ta musamman ce mai kama da dodon koɗi, ba a sauya mata girma. Sai dai a share ta, ko a sauya ta da irinta sak.

Ɗakin ma na cikin lissafi

Wutar da yankin Damagaram da Maraɗi ke amfani da ita, kaso mai yawa na zuwa ne daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Lokacin da aka katse ta a watan Agustan 2023, kafin a maido da ita a 2024, masu sana'a da dama sun koma ga janareta da hasken rana. A irin wannan hali batir kan ɗauki kwamfuta da injin buga takarda, amma ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Fankar akwati kuwa watt ɗaya zuwa uku take ci, abin da batir ba zai ma ji ba.

Duk da haka, babu fankar da za ta sauko da na'ura ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Tsofaffin gidajen ƙasa na Zango da Birni, masu katanga mai kauri, sun fi shagon bulo mai rufin kwano sanyi da rana, kuma kowane digiri da aka rage wa ɗaki an rage wa furosesa shi kai tsaye. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, nesa da ƙofa da hasken taga, na rage ƙurar da yake sha ba tare da an kashe ko dala ba.

Hanyar sanin ko sabuwar fanka ta yi aiki ita ce aunawa. Manhajoji na kyauta irin su HWMonitor na nuna zafin furosesa da na faifai. A auna kafin a sauya, a sake aunawa bayan an sauya, da aiki iri ɗaya, a kuma lokaci ɗaya, wajen ƙarfe uku na rana, domin awon safe ba ya nuna komai. Idan zafin faifai ya sauka amma na furosesa ya tsaya inda yake, iskar akwati ta gyaru, matsalar na ga ƙarfen shan zafi: ko ƙura ta toshe shi, ko man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe, a goge a shafa sabo. Wajen hure ƙurar, a zare wayar wuta tukuna, a kuma dafe fukafukan fankar da yatsa, domin iskar injin hurawa na iya juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi.